Ruwan Urdun a Gora: Tsafi ne ko Tsaraba?

Bitrus: Salama 'yan'uwa. Tun da muka dawo daga ziyarar Isra'ila abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ranar da aka kai mu Tel Dan, can arewa kusa da iyakar Lebanon, na tsaya gaban inda Yerobowam ya kafa ɗan maraƙin zinariya. An kakkafa ƙarafa a wurin don a ga girman bagaden. Sarkin nan ce wa jama'a ya yi wahalar zuwa Urushalima ta isa haka, ga na kusa, ɗaya a Betel ɗaya a Dan. Ku duba 1 Sarakuna 12. Jikina ya yi sanyi. Washegari a bakin Kogin Urdun sai ga mutanenmu suna turereniya da gorori, ana ɗibar ruwa wai na warkarwa. In ba tsafi ba, mene ne wannan?

Mama Saratu: Tsafi? Bitrus ɗana, ni ka kira matsafiya? Gora uku na ɗebo, kuma a gabanka.

Bitrus: Mama, ban ambaci sunan kowa ba.

Mama Saratu: Ba sai ka ambata ba. Kakana ya ƙone kayan tsafinsa ranar da ya tuba, na san abin da kalmar ke nufi. Tsafi da yanka yake tafiya. Wa ka ga ya yanka kaza a Urdun?

Dattijo Ishaku: Mama ta yi gaskiya a kan kalmar. Da cewa ya yi camfi, da mun saurara.

Yohanna: Baba, camfi ƙanin tsafi ne ai. Macijin tagulla Musa ne ya ƙera shi da umarnin Allah, amma da aka fara ƙona masa turare Hezekiya farfasa shi ya yi. 2 Sarakuna 18:4.

Rifkatu: To Na'aman fa? Bayan ya warke a Urdun ɗin nan ya roƙi ƙasa kayan alfadarai biyu ya tafi da ita Suriya, Elisha kuma ya sallame shi lafiya. Shi ma matsafi ne?

Yohanna: Ƙasa daban, ruwa daban, ƙanwata.

Rifkatu: Wace aya ce ta raba su? Kuma ni ba ƙanwarka ba ce, na ba ka shekara biyu.

Markus: Ni dai na ji an ce an tono maraƙin yana gidan tarihi.

Dattijo Ishaku: Ba a taɓa samun maraƙin ba. Abin da aka tono a Dan a 1993 dutse ne mai rubutu da ya ambaci gidan Dawuda. Kai da ka yi barci a mota lokacin bayani.

Markus: Baba, ƙafata ce ke ciwo. Amma tunda ana tone-tone, shi Bitrus da ya liƙa JP, laƙabin wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunansa tun jirgi bai sauka ba, wannan ba gunki ba ne?

Bitrus: Da kuɗina na je, ba kujerar alfarma aka ba ni ba.

Markus: Wa kake nufi?

Mama Saratu: Da kuɗinka ka je, da kuɗinka kuma ka sayi man zaitun kwalba shida a Baitalami. Na miya ne?

Bitrus: Tsaraba ce.

Rifkatu: Namu tsafi, nasa tsaraba.

Yohanna: Kun ga an bar maganar Yerobowam gaba ɗaya.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Ga abin da na fahimta. Ɗan'uwa Bitrus ya yi kuskuren kalma, ya kamata ya je har gida ya ba Mama haƙuri. 'Yar'uwa Rifkatu ta kawo aya, ba wanda ya iya amsa ta. Na macijin tagulla kuwa zancen wani zamani ne. Batun kujera kada in sake jinsa, kowa ya san kwamiti ne ya zaɓa, ba ni kaɗai ba. Na rufe zauren sai gobe. Mama, gorar da kika ce za ki ajiye wa maiɗakina, a taho da ita ran Lahadi.