Kuskuren da aka gada da gangan: amana ce ko lalaci?

Mai shagon buga takardu, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Jiya wani ɗalibi ya nuna mini cewa manhajar lissafi ta Excel tana karɓar 29 ga Fabrairu 1900 a matsayin kwanan wata, alhali ba a taɓa yin wannan ranar ba, domin shekarar da ta rabu da 100 ba ta samun ƙarin kwana sai ta rabu da 400. Na gwada da hannuna, haka ne. Ya ce masana suna zolayar irin wannan da cewa "jituwa har da kuskure". Ni a ganina lalaci ne aka naɗa wa rawani.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban yarda ba. Kuskuren na Lotus 1-2-3 ne, manhajar da ta fito a 1983 ta mamaye ofisoshi, kuma da gangan Excel ya kwaikwaye shi don takardun mutane su buɗe ba tare da sun rikice ba. Excel lamba yake ba kowace rana, ranar ƙaryar kuwa ita ce ta 60. Idan aka cire ta yau, duk ranakun da suka biyo bayanta za su goce da kwana ɗaya, har da na takardun albashi da na bashi.

Malamar kwamfuta: Injiniya, ka yi bayani, amma ba ka wanke kowa ba. Wanda ya san gaskiya ya ci gaba da koya wa yara ƙarya fiye da shekara talatin, me za mu kira shi?

Injiniya: Hajiya, dubi lungunan cikin gari wajen Gobarau. Kowa ya san a karkace suke, amma wanda ya ce sai ya miƙe su, gidajen mutane zai rushe. Waɗanda suka zaɓi rusau ma mun gani: Python 3, sabon zubin wani harshen rubuta manhaja, ya fito a 2008 bai jitu da na 2 ba, sai da aka kai 2020 kafin a iya sallamar tsohon. Akwai zolayarsa shi ma, inda ake murɗa kalmar Turanci mai nufin dacewa ta koma mai nufin dambe, kamar mu ce maimakon dacewa da na baya, an koma dambacewa da na baya.

Mai shagon: To, wannan damben na sha shi. Na taɓa sabunta wata manhajar lissafi, sabuwar ta ƙi buɗe takardun tsohuwar, tsohuwar kuma ta ƙi na sabuwar, ga mai aiki tsaye a kaina da filas ɗinsa, ga janareto yana shan mai. Sai da na sake buga shafi goma da hannu.

Malamar kwamfuta: Ashe Alhaji ka sauya sheƙa.

Mai shagon: Rabi na sauya, Hajiya. Masu Excel su bar ranar yadda take, amma su riƙa gargaɗin duk wanda ya shigar da ita.

Injiniya: Kafin su yi, gwada raɗa wa folda suna CON a Windows. Tun zamanin DOS, tsarin kwamfuta da ya gabaci Windows, aka keɓe sunan, kuma har yau ba zai yarda ba.