Taƙaitawa: me ke sa jinin cibiyar jariri ya yi kyau don dashe (saka wa mara lafiya ƙwayoyin halitta masu samar da sabon jini)

Jama'a magana ta yi tsawo, ga abin da na tsinta:

1. Kusan kowa ya yarda yawan jinin da aka tara shi ne kan gaba, in ya yi kaɗan ƙwayoyin halittar da ke cikinsa ba za su ishi babba ba sai dai yaro. Jariri mai nauyi da mabiyiya babba sun fi bayarwa.

2. Kar ya wuce awa 48 ba a sarrafa shi an daskarar ba.

3. Tsafta wajen ɗiba, da gwajin HIV da ciwon hanta ga uwa.

4. Nan aka rabu: Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce a jinkirta yanke cibiya minti 1 zuwa 3, wanda yana rage abin da za a samu, wasu suka ce lafiyar jariri ce farko, masu ɗa mai sikila da ke son jinin don yi masa dashe kuma suka ce sai an zauna da likita tukunna.