Ina ake kai kwikwiyo horo a Zariya?

Na Hanwa: Slm jama'a. Don Allah ina tambaya, an ba ni kwikwiyo Alsatian ɗan wata biyu da 'yan kwanaki, yanzu ya fara cizon ƙafar yara yana yaga silifas, duk wanda ya shigo sai ya ɗare mishi jiki. Na ji ana haɗa karnuka da yawa wuri ɗaya ana koya musu biyayya, zauna, tashi, zo nan. Akwai mai yin haka a nan Zariya? kuma ya fi ko in kira mutum ya riƙa zuwa gida?

Anti GRA: Wslm. An mishi allura?

Na Hanwa: Wanda ya ba ni ya ce an yi guda ɗaya Hajiya

Anti GRA: Ya ce, ko ya ba ka kati?

Likita Samaru: Abin da Hajiya ta tambaya shi ne farko. Allura ɗaya ba ta isa ba. Ta cututtukan karnuka parvo da distemper ana farawa ne yana sati 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen sati 16, ta ciwon haukan kare kuma sai ya cika wata 3. In babu kati a hannunka ka ɗauka kawai ba a yi ba. Ka kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a Samaru a duba shi, a ba shi maganin tsutsar ciki a buɗe mishi kati. Parvo a kashin kare take, tana daɗewa a ƙasa wata da watanni, to filin da kowane kare ke zuwa ya yi kashi ba wurin ɗan wata biyu ba ne. Kwikwiyo in ta kama shi amai ne da gudawar jini mai wari, cikin 'yan kwanaki sai ka ga ya tafi.

Baban Yara Palladan: Ɗan'uwa ni dai ka tsaya ka ji nawa kafin ka miƙa karenka ga kowa. Babban kare irin Boerboel gare ni, lokacin yana tasowa ƙarfi ya mishi yawa yana jan yarona har ƙasa in an fita da shi, sai wani ya haɗa ni da wani mai horo, ba zan kira suna ba, ya ce in bar mishi karen a wajensa ya kwana can tare da sauran har ya ƙware. Na biya kuɗin horo na biya na abinci daban. Duk sanda na ce zan zo in gani sai ya ce a'a, ganina zai ɓata aikin. Ranar da na je ɗauka ya yi min gwaji a gabana, wlh kamar soja, ya ce zauna ya zauna, ya ce kwanta ya kwanta, raina ya yi fari. Muna zuwa gida na ce zauna, kare ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa jin kalmar ba. Na ɗaga hannu kawai zan gyara hula sai ya kwanta ƙasa ya matse wutsiya yana fitsari. Da na duba wuyansa gashi ya zube zagaye inda sarƙa take shaƙe shi, cikin kunnuwa da tsakanin yatsu kaska ce cike, wasu sun sha jini sun kumbura. Ashe da tiyo ake dukansu. Karen da yara ke hawa bayansa ya dawo in ka taɓa kwanonsa sai gurnani, har ya kai wa ƙanwar matata cafka a hannu, Allah ya taƙaita zaninta ya kama. Na sha wahala kafin ya sake yarda da mu kuma har yau in ya ga an ɗauko tiyo za a wanke mota sai ya shige ƙarƙashin tanki. Don haka duk wanda ya ce ka kawo ka bari ka tafi, ka ce mishi ka gode. Wurin da za ka tsaya da igiyarka a hannunka ana nuna maka kana yi, shi ne horo, don kai za ka zauna da karen ba shi ba.

Anti GRA: Innalillahi. Allah ya isar ma bawan Allah nan

Ɗan Kwangila: Alhaji ka faɗi sunansa mana mu kiyaye

Admin: Ban da kiran suna a zaure don Allah. Mai so ya bi shi ta gefe.

Mafarauci Basawa: Ni abin na ba ni mamaki, kare har da makaranta 😂 namu na gida tun yana ƙarami yake bin manya daji, fito ɗaya zan yi ya dawo ko yana bayan zomo

Anti GRA: To ai Baba makarantar kenan, ajinsu daji ne kawai. Ya ga manya ya koya, kuma kullum kana tare da shi

Mafarauci Basawa: Haka ne kuma. Amma na Turawan nan ci ne da su, ga zafi ba sa jurewa

Malam Tudun Wada: Ni tambayata ɗaya, yaran da kare ke lasa da kayan da suke sallah fa? Mu yi hattara, kiwon kare haka kawai don ƙawa akwai magana a kai.

Na Hanwa: Na gadi ne Malam, sau nawa ana haura mana katanga a layinmu

Ɗan Kwangila: Malam ai a mazhabar Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai bin umarni ne ba don najasa ba

Malam Tudun Wada: Na san da wannan, amma Shafi'iyya ba su tafi a haka ba, kuma fita daga saɓani ya fi. A yi mishi wurinsa a tsakar gida kar ya shiga ɗaki.

Ɗan Kwangila: Wa ya ce zai shiga ɗaki?

Admin: Malamai a kai wannan ɗaya zauren

Likita Samaru: Mu koma kan kwikwiyon. Kar kuma ka ji na ce allura ka kulle shi a keji har wata huɗu, wannan ma ɓarna ce. Daga sati 3 zuwa wajen 14 shi ne lokacin da yake saurin sabawa da abubuwa, abin da bai gani ba a lokacin yakan tashi yana tsoronsa, kuma mafi yawan karnukan da ke cizo tsoro ne ke sa su. Ka bari ya ga baƙi a gida, mai babbar riga, mace da hijabi, ya ji ƙarar janareta da babur, ya ga kaji da awaki yana ɗaure a igiya. In kana da abokin da karensa ya cika allura kuma mai sanyin hali ne ku haɗa su a tsakar gida mai tsabta. Horon gida minti 5 ya isa, sau biyu ko uku a rana kafin ya ci abinci. Ka yanka dafaffiyar hanta ƙanana, ka ɗaga saman hancinsa ka ja baya kaɗan, da kansa zai zauna, yana zama ka ce zauna ka ba shi nan take.

Ɗan Kwangila: Kilishi fa?

Likita Samaru: A'a, yaji da gishiri sun yi yawa, kuma albasa da tafarnuwa na lalata musu jini.

Anti GRA: Cizon ƙafa kuma haƙori ne ke mishi ƙaiƙayi, ka ce ma yara su daina gudu suna ihu don shi wasa ya ɗauka, su tsaya cak a miƙa mishi tsohuwar igiya mai kauri ya tauna. Kuma kowa a gidan kalma ɗaya, har maigadi, ba kai ka hana tsalle uwargida ta riƙa shafa shi in ya yi ba. Mu nan mu huɗu ne muke haɗuwa safiyar Asabar, kowa da karensa da katinsa, wani yaro da ya iya yana nuna mana. Amfanin taron shi ne kare ya koyi jin maganarka alhali ga wasu karnuka a gefe, a gida kowane kare malami ne.

Baban Yara Palladan: Yaron yana sa sarƙar shaƙewa?

Anti GRA: Ko kusa Alhaji, ka zo ka gani da idonka ba tare da karen ba tukuna

Na Hanwa: Hajiya in ya gama allurar zan iya shigowa?

Mafarauci Basawa: Likita tunda kana kusa, kaskar nan me ake sa mata ne, bakin mai na shafa ma nawa bai yi ba

Likita Samaru: Baba don Allah ka daina, yana ƙona fata kuma in ya lasa guba ne. Ka wanke shi da sabulu, nawa ne nauyinsa?

Mafarauci Basawa: Wa ya taɓa auna kare Likita

Likita Samaru: To ka kawo shi Samaru ranar Litinin, akwai sikeli