Taƙaitawa: sarrafa taga daga ɓangaren uwa a React

Ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawar da aka yi kan yadda za a buɗe da rufe tagar da ke fitowa saman shafi ta hana taɓa sauran abubuwa, a React, kayan aikin JavaScript na gina shafukan yanar gizo.

1. Mafi yawan masu magana sun yarda cewa ɓangaren uwa, wato ɓangaren da ke ɗauke da tagar a cikinsa, ne ya kamata ya riƙe bayanin buɗewa da rufewa ta hanyar useState (hanyar React ta ajiye bayani mai canzawa), sannan ya miƙa wa tagar isOpen (mai nuna ko a buɗe take) da onClose (aikin da ake kira idan an rufe ta).

2. Ra'ayi ya rabu kan useImperativeHandle, wanda ke ba uwa damar kiran umarnin tagar kai tsaye. Wasu sun ce ya dace da dialog, tagar da HTML ya tanada, tunda showModal, mai buɗe ta, umarni ne da sai an kira shi. Wasu kuma suka ce useEffect, mai gudanar da aiki duk lokacin da isOpen ya canza, ya wadatar, kuma a ganina wannan ya fi sauƙin gyara. An tunatar cewa daga React 19 na 2024 ba sai an yi amfani da forwardRef, tsohuwar hanyar miƙa wa ɓangaren ɗa ref (abin da uwa ke kama shi da shi), ba.

3. Maɓallin Escape yana rufe dialog da kansa, don haka wajibi ne a sanar da uwa, in ba haka ba isOpen zai ci gaba da nuna a buɗe take, mai amfani ya danna maɓallin buɗewa ya sake dannawa, tagar ta ƙi fitowa.