Abin da aka tattauna kan abinci, sukari da kitsen jini

A wata tattaunawa da aka yi kan abinci da lafiya, masu magana sun fi nanata cewa farar shinkafa, burodin fulawa, taliya da lemon kwalba suna saurin ɗaga sukarin jini, domin an cire wa shinkafar da fulawar dusar da ke jinkirta narkewa, lemon kuma cike yake da sukari, kuma hanta kan mayar da rarar sukarin kitse a jini. Sun ba da shawarar komawa ga gero, dawa da acca, a haɗa da wake, kuɓewa da zogale, waɗanda harzarsu, wato ɓangarensu da ciki ba ya narkarwa, ke taimakawa wajen rage mummunan kolestarol, wato nau'in kitsen da ke toshe jijiyoyin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini. Mai shan magani kuwa, kada ya daina sai da izinin likita.