Masu jinyar tsofaffin da mantuwa ta kama, ku zo mu yi magana

Maman Ilham, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah wanda ya taɓa jinyar tsoho mai ruɗewa ya faɗa mana yadda ya yi. Surukata ce, Hajiya, a gidanmu take. Da farko mantuwa ce kawai, ta ajiye carbi ta neme shi, yanzu kuwa sai ta yi sallar azahar ta sallame ta sake tashi wai bata yi ba, ta ɓoye kuɗinta cikin matashi ta ce yarinyar da ke taya ni aiki ta sace, kuma da la'asar ta yi sakaliya sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali wai za ta tafi gida Babanta na jira, alhali Baban nan ya rasu tun kafin a haifi maigidana. Dangi sun rabu biyu, wasu su ce tsufa ne a ƙyale ta, wasu su ce iska ce a kawo mai ruƙiyya.

Ɗan Gangare:
Allah ya ba ta lafiya. Ni abin da zan fara ce miki shi ne ƙofa. Babanmu cikin sanyin Disamban nan na Jos ya fita wai masallaci tun kafin kiran asuba, ba hula ba suwaita, sai da rana ta ɗaga wani mai keke ya ganshi zaune wajen Farin Gada yana rawar ɗari, Allah ya sa ya san shi. Tun ranar muka sa tela ya ɗinka lambar wayata a cikin wuyan duk rigunansa, muka gaya wa mai shayi da masu shagon layinmu in sun ganshi shi kaɗai su riƙe shi da hira su kira. Kar ki ɓoye wa maƙwabta don kunya wlh. Tsohuwa ta ɓata a unguwar da ba a santa ba tana sambatu, wasu cewa za su yi mayya ce, kuma kin san abin da ke biyo baya.

Sista, Rikkos:
Ni nas ce, kuma na yi jinyar kakata. Maman Ilham a yi addu'a, ba wanda ya hana, amma a kai ta asibiti. Tsufa kaɗai baya sa mutum ya manta ya ci abinci ko ya kasa gane ɗansa, cuta ce a ƙwaƙwalwa, likitoci na ce mata dementia. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke ɗauke da ita, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne. Amma akwai wanda hawan jini ke kawowa, ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa su riƙa toshewa kaɗan kaɗan, musamman ga wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, shi kam muna ganinsa sosai. Ki ce a auna mata jini da suga, a duba bitamin B12 da maƙoƙo, don waɗannan biyun suna kawo ruɗewa kuma suna da magani. Sannan duk randa kika ga ta rikice farat ɗaya fiye da yadda ta saba, kar ki ce ciwon ne ya ƙaru, sau da yawa ciwon fitsari ne ko zazzaɓi ko ƙarancin ruwa a jiki, a yi maganinsa ta dawo yadda take.

Anti Bukuru:
Ƴata, batun Babanta da ke jira, kar ki ce mata ya rasu. Mamata duk sanda aka ce mata mijinta ya mutu sabon kuka take kamar yau aka yi rasuwar, ta manta, gobe a sake. Sai muka koma cewa toh Inna bari a sha shayi tukuna, in miƙa mata tire da wake ta tsince, kafin ta gama ta manta da tafiyar. Abin mamaki sunana ya ɓace mata amma Tabaraka in na ja mata baki har ƙarshe take kaiwa ba tuntuɓe. Sallar kuma mun tambayi malami ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ku daina takura ta.

Baban Khalifa, Bauchi Road:
Sista ance an samu magani a Amurka, gaskiya ne? Yayana da ke Abuja ya ce ko nawa ne zai biya.

Sista, Rikkos:
Akwai, amma a hankali dai. Lecanemab an amince da shi a 2023, donanemab a 2024. Ta ƙarin ruwa ake ba da su, suna share wani datti mai suna amiloyid da ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Basa warkarwa, rage gudun cutar kawai suke, na farkon wajen kashi 27 cikin ɗari a wata 18, kuma sai wanda ciwon ke farko farko, ga ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa da na'urar MRI a kai a kai saboda suna iya kumbura ƙwaƙwalwa ko sa ta zubar jini, ga kuɗi sama da dala dubu 26 a shekara. Ni a ganina abin da ya fi mana amfani shi ne rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2024, sun lissafa abubuwa 14 da in an kula da su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar, ciki har da hawan jini, suga, taba, kitsen jini, zaman kaɗaici, raunin ji da raunin gani. Wato tsohon da kunnensa ya yi nauyi aka bar shi a ɗaki ba mai masa magana, ana ƙara masa ne. Ka ce wa Yaya ya fara da saya wa mai ciwon tabarau da na'urar ji da maganin hawan jini na kowane wata, kai ma da ka haura 40 ka je a auna ka.

Maman Twins, Nasarawa:
Ni dai abin da ba a faɗa shi ne gajiyar mai jinya. Ƴaƴa maza su turo kuɗi ta waya shikenan sun gama nasu, matar ɗa ce ke wanke fitsari da tsakar dare, kuma ita Hajiyar za ta nuna da yatsa gaban baƙi ta ce bata ba ta abinci. Mu sai da muka zauna da ƙannen maigida mata aka raba kwana kafin na samu barci. Kuma ki cire mata ashana da wuƙa, ki riƙa kashe gas daga tukunyar.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Sista in mun je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wane ɓangare za mu nema, kuma sai mun je da ita ko maigida zai iya fara zuwa? Don fitar da ita daga gida ma aiki ne.

Sista, Rikkos:
Da ita za ku je, da safe lokacin da ta fi natsuwa. Ku fara da ɓangaren ganin likita na yau da kullum su za su tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ki haɗa duk magungunan da take sha a leda har da na gargajiya, kuma ke da kike tare da ita kullum ke za ki shiga ki yi bayani.