Waɗanda suka taɓa zuwa Gana ba biza, ku ba mu labari

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah wa ya je Gana kwanan nan? Ɗiyar yayata za a aurar a Kumasi bayan sallah, kwana goma kacal zan yi. Maigida ya ce ai ƙasar ECOWAS ce ba ruwana da biza, in ɗau jaka kawai in tafi, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya don ko Maraɗi ban taɓa leƙawa ba. Me da me ake tambaya a hanya?

Ɗan Kantin Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar maigida gaskiya ce amma da saura. Tun yarjejeniyar 1979 ɗan ECOWAS yana shiga ƙasar 'yan'uwa ya yi har kwana 90 ba biza, sai dai fa dole ki riƙe fasfo ko ɗan littafin nan na ECOWAS da imigireshan ke bayarwa. Katin zaɓe da takardar NIN ki bar su a gida, ba sa tsallakar da kowa. Ni abin da ya kayar da ni yalo kad ne, katin allurar shawara. Na yi allura ranar Litinin, jirgina Alhamis, ina ta murna na gama komai, sai yarinyar da ke kan kantar filin jirgi ta buɗe katin ta ɗaga yatsu tana ƙirga kwanaki a gabana, ta ce Alhaji sai allura ta kwana 10 take aiki a takarda. Ba irin magiyar da ban yi ba, har da cewa kayana na jira a Akra. Haka na ja akwatina na koma gida, ga kuɗin canjin tikiti, ga dariyar yaran shago.

Direban Legas zuwa Akra: Hajjaju in ta mota za ki bi to ki shirya zama. Daga Legas sai Seme, ki ratsa Kwatano, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, ki wuce Lome sai Aflawo, nan ne ƙofar Gana. Boda uku kenan, kowacce a buga miki na fita a buga na shiga, sitamfi shida kafin ki ga Akra, daga can kuma ki sake hawa motar Kumasi. Shekara da shekaru ina bin hanyar nan, abin da nake faɗa wa fasinjana kullum shi ne kar su yarda da yaran nan masu cewa kawo kaza in zaga da kai ta baya a babur. Za ka shiga lafiya lau kam, ranar dawowa ne ido zai raina fata, a ce ina sitamfin shigarka, ta ina ka biyo? Na taɓa barin wani bawan Allah a boda saboda haka, mota cike da mutane ba yadda zan yi, yana riƙe da ledar burodinsa yana kallonmu muka wuce. Sannan sabon fasfo da ba a taɓa bugawa ba, a wata bodar (ba zan faɗi wacce ba) sai an ce a kawo na goro, ba rasit ba komai. Ki canji sefa da sidi ƙanana ki ware su daban, kar ki zaro damin kuɗi a gaban taga.

Bagobirin Maraɗi: Hajiya da kin fara leƙo mu ai da kin saba, hhh. Mu nan tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina suka fita daga CEDEAO, wato ECOWAS, mutane suka yi ta tsoro za a sa biza, amma ɓangarorin biyu duk sun ce a ci gaba da shiga da fita. Na je Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya ba wanda ya ce min biza, katin ɗan ƙasa da katin allura aka duba. Binciken jandarmomi ne dai ya ƙaru a hanya, a sauke ku a duba a sake saukewa.

Bazazzagiya: Ni ba Gana na je ba, Kigali ce ta ƙasar Ruwanda, taron kwana huɗu. Su ma ɗan Afirka ba ya biyan komai, kwana 30 suke bayarwa a filin jirgi. Amma tambayoyi kam na sha su, ina za ki sauka, yaushe za ki koma, nuna tikitin komawa, ga wayata ta mutu, Allah ya taimake ni na buga takardar otal na sa a jaka. Abin dariya kuma ledar da na ƙunso kilishi da yaji, ashe an hana leda a ƙasar tun 2008, a tsaye na juye kilishina cikin ɗankwali. Don haka Maman Biyu ki rubuta adireshin gidan biki da lambar yayarki a takarda, kar ki dogara da waya.

Anti Nas: Ƙari kan maganar Alhaji, allurar shawara sau ɗaya ake yi a rayuwa, tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta cire maganar sabuntawa bayan shekara goma. Ki je ofishin lafiya na filin jirgi da kanki a yi miki, kar ki ba wani kuɗi ya kawo miki kati har gida ba allura, ana duba lambar a kwamfuta yanzu. In kina da juna biyu ki fara ganin likita. Da 'yan biyun za ki tafi? Kowanne sai da fasfonsa da katinsa fa.

Maman Biyu: Tabɗi! Anti ai da su zan tafi, shekararsu biyu, an yi musu ta wata tara a asibiti amma katin rigakafin nan na yara kawai gare mu. Yanzu na ciro fasfona na Umara daga ƙasan akwati, saura wata huɗu ya mutu.

Ɗan Kantin Kwari: Sabunta shi Hajiya, wata shida ake so ya rage, masu jirgi ma a nan za su fara tsayar da ke. Gobe da sassafe ki tasa maigida gaba ku tafi ofishin fasfo ku huɗu, tunda shi ya ce ki ɗau jaka kawai.